Ƙannena Masu Son Haɗa Koyil ɗin Tartsatsi, Ku Saurara

Yaron da ya fara wasa da batir da ƙwan tocila ba ya tsayawa a nan. Daga ƙwai sai ƙaramar fanka, daga fanka sai amfilifaya, wata rana kuma ya ga bidiyon wani yana fitar da shuɗin tartsatsi daga bakin waya yana ƙara tas-tas, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Na san da yawanku a nan Katsina, maza da mata, kun iso wannan gaɓar, don ina ganinku wajen 'yan gwangwan kuna tonon tsofaffin talabijin. Ba zan ce ku bari ba. Babu aikin da ya koya mini lantarki kamarsa. Sai dai ni a baibai na ɗauko shi: na shiga neman dogon tartsatsi tun ban san inda yake fitowa ba. Ina so ku ɗauko shi ta kai.

Koyil waya biyu ce aka naɗa a kan ƙarfe guda. Ta farko mai kauri ce, naɗinta kaɗan, a na mota wajen 200. Ta biyu siririya ce ƙwarai, naɗinta ya kai wajen 20,000. Idan wutar batir ta bi ta farko, ƙarfen nan sai ya zama maganaɗisu. A wannan lokacin ba ka ganin komai. Tartsatsin yana zuwa ne a daidai ƙiftawar da ka yanke wutar. Ka tuna ɗan ga-ruwa yana gangarowa da kura cike da jarkoki, taya ta ci karo da dutse: kurar ta tsaya cak, ruwan kuwa ya yi tsalle sama. Haka maganaɗisun ke rushewa farat ɗaya, ya tura bolt ɗari biyu zuwa huɗu a wayar farko, waya ta biyu kuma ta ninka shi kusan sau ɗari. Daga batir mai bolt 12 sai ga bolt 20,000 ko fiye. Gwargwadon saurin yankewar, gwargwadon ƙarfin tsallen.

Michael Faraday ne ya gano tushen wannan a Ingila a 1831. Wani limamin coci a ƙasar Ayilan, Nicholas Callan, ya ƙera koyil na farko a 1836, sannan Heinrich Ruhmkorff ya gyara shi a Faris a 1851 har aka riƙa kiransa da sunansa. Da irin wannan koyil Heinrich Hertz ya tabbatar da igiyoyin rediyo a 1887, da shi kuma Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a 1895. Duk lokacin da aka tura ɗan'uwanka hoton ƙirji a asibiti, jikan wannan abin wasan naka ne ke aiki. Don haka ku ɗauke shi da daraja.

Ku fara da koyil ɗin tsohuwar mota, irin na Fijo mai kwantak, wato ƙarafa biyun da ke haɗuwa suna rabuwa don yanke wutar batir. Masu gyaran wayarin mota suna da su a jibge, kuma sun san mai rai da matacce. Ku haɗa da kwandansar da ke tafiya da shi, ƙaramar gwangwanin nan mai jelar waya ɗaya. Ni raina ta na yi, na ga ƙarama ce na ajiye ta gefe, na yi ta mamakin yadda wuta ke tashi a wurin yankewa alhali bakin fulogi shiru. Aikinta ke nan: ta shanye wutar na ɗan lokaci don kada ta yi tsalle a bakin kwantak, yankewar ta zo da kaifi. Bafaranshe Fizeau ne ya ƙara ta a 1853, kuma har yau koyil mai kwantak yana bukatarta. Gwajin farko ba ya son tiransisto ko ɗaya, wato 'yar na'urar da ke haɗa wuta tana yankewa ba tare da hannu ba. Ka samu magagari ya tsaya a madadin kwantak, ka ɗaura masa waya ɗaya, ka ja bakin ɗayar a kan haƙoransa. Kowane haƙori haɗawa ce da yankewa, za ka ji krrr a hannunka, ka ga tartsatsi yana bin juna a bakin fulogi. Ka riƙe wayar ta wurin robarta, domin bugun wayar farko ma yana jan mutum. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya fahimci abin da zanen intanet goma ba za su fahimtar da shi ba.

Ni ban yi haka ba. Kai tsaye na tafi naɗa nawa, da wayar da na warware daga tsohuwar taransifoma, ina naɗawa a kan bututun roba duk inda ta faɗa. Ya yi aiki na ɗan lokaci, sai tartsatsin ya ɓace, sai wari irin na ƙonannen fenti, da wata 'yar ƙara cis-cis daga cikin naɗin. Da na warware na tarar da baƙin layi siriri ya ratsa daga wani sahu zuwa wani. Fentin da ke jikin waya ba ya iya tare dubban bolt. Idan naɗi na farko ya kwanta kusa da na dubu uku, wutar ta samu gajeriyar hanya a ciki, ba ta da dalilin fitowa waje. Kuma da zarar ta ƙona hanya sau ɗaya, gawayin da ta bari yana ɗaukar wuta, koyil ya mutu ke nan. In za ku naɗa, ku naɗa sahu-sahu a jere, kowane sahu a rufe shi da takarda da aka jiƙa da narkakken kyandir, a bar tazara a gefe biyu don kada bakin sahu ya leƙo. Aiki ne mai cin rai, babu gaggawa a cikinsa.

Akwai kuskuren da yake kashe ko da koyil mai kyau, shi ne buɗe tazarar baki fiye da ƙarfinsa. Busasshiyar iska tana bukatar wajen bolt 3,000 kafin wuta ta keta milimita ɗaya tsakanin ƙarafa masu sulɓi, in bakin mai tsini ne kuma ƙasa da haka. Ni kullum ƙara buɗawa nake, ina so in ga iyakarsa. Idan tazarar ta fi ƙarfinsa, wutar ba ta haƙura, sai ta nemi hanya ta cikin koyil ɗin ko ta koma kan tiransisto. Ku tsaya a santimita ɗaya, ya ishe ku kallo. Za kuma ku lura abin da ya yi kyau da hunturu yana raguwa da damina, saboda laima tana sa wutar ta silale ta jikin katako da ƙurar da ta kwanta a kan koyil. Goge shi da busasshen tsumma kafin ka zargi haɗinka.

In kun wuce magagari kuka koma tiransisto da 555, 'yar na'urar da ke sa shi kunnawa da kashewa a kai a kai, ku karanta takardar bayanin kowane tiransisto kafin ku saya. Na ƙona kuɗin makaranta a kan 2N3055 don kowa shi yake ambata, ban duba na ga iyakarsa bolt 60 ba ce, ga shi wayar farko tana harbin ɗaruruwa. IRF540 ma 100 ne. Ku nemi mai ɗaukar 400 ko 500 irin IRF840, ku ɗaura shi a kan faffaɗan alminiyam don zafi, ku sa masa kariya, ku sa fiyus a bakin batir. Kada mitar awon wuta ta kusanci waya ta biyu, yawancinsu iyakarsu bolt 600 zuwa 1,000. Tawa ta tafi a haka. Wayar hannu ma a ajiye ta nesa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ido yana ruɗin mutum a harkar nan. Dogon tartsatsi mai ƙara shi ke ba da tsoro, alhali koyil ɗin mota, duk da zafin jansa, wutar da yake turawa kaɗan ce kuma a guntun lokaci. Abin da ke tsayar da zuciya yawan wutar da ta ratsa jiki ne da daɗewarta. Yawan wuta da amfiya ake auna shi, miliamfiya kuwa kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya. Miliamfiya 1 za ka ji ta. Daga 10 zuwa 20 hannu ya ƙanƙame ya ƙi saki. Daga 50 zuwa 100 in ta bi ta ƙirji tana iya hargitsa bugun zuciya. Taransifomar da ke cikin na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana ba da wajen bolt 2,000 kacal, amma da wutar da ta kai rabin amfiya ko fiye, ba tsayawa. Ba ta jan kunne. Taɓawa ɗaya ce.

Na taɓa sayo ɗaya a wajen 'yan gwangwan, ina murna na yi tsintuwa. Na biya da ita shagon wani dattijo mai gyaran talabijin da nake zama wurinsa. Ya ɗaga ta ya juya, ya dube ni, ya ce, "Yaro, wa ya ba ka wannan?" Na ce, "Baba, saye na yi, tartsatsi nake so in ƙara." Ya tura ta ƙarƙashin bencinsa ya ce in zo gobe in karɓi kuɗina. Ranar na ji haushi har na yi kwanaki ban leƙa shi ba. Yau duk sanda na tuna shi addu'a nake yi masa. Ku bar wannan taransifomar, ku bar duk wani haɗi da ake cusa wa wutar gida kai tsaye. Batir ya isa.

Sai kafasita, dangin kwandansar nan, wadda ke riƙe wuta bayan an kashe komai. Wutar gida bolt 230 ce, amma babbar kafasitar da ke allon talabijin ko caja tana cika har wajen 325, kuma tana iya riƙe shi bayan an zare soket. Ita ta taɓa jefa ni da baya daga kan kujera ina ciro fulaibak, wato taransifomar da ke ba kwalba dubban bolt, daga tsohuwar talabijin, gwiwar hannuna ta bugi bango, yatsana ya yi farin tabo. Kwalbar talabijin ɗin kanta tana riƙe caji a ƙarƙashin robar nan mai kama da faifai. Kowace kafasita ku ɗauka cike take sai kun sauke ta ta hanyar rizisto mai rage gudun wuta, kun auna kun ga sifili.

Wurin aiki ma abin dubawa ne. Yawancinmu a zaure muke aiki ko ɗakin samari, inda ake ajiye babur da janareta da galan ɗin fetur. Aikin koyil a mota shi ne kunna tururin fetur, ba zai bambanta na cikin inji da na cikin ɗakinku ba. Ku fitar da fetur da tukunyar gas, ku buɗe taga. Warin nan mai kaifi da ke tashi in tartsatsi ya daɗe iskar ozon ce, tana ƙaiƙayin maƙogwaro da huhu. Ku tsaya a busasshen wuri da takalmin roba, ba da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala ba. Hannu ɗaya ke aiki, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta samu hanyar ratsa ƙirji. A cire zobe da agogo. Mai ciwon zuciya, musamman wanda aka sa wa na'urar daidaita bugu, kada ya matso. In kun tashi, ku zare batir ku kulle, domin ƙaninku na kallon duk abin da kuke yi, kuma zai gwada in kun fita.

Kada ku kunna ku kaɗai. Wanda ke tare da ku ya san wayar da zai zare. In wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, a yanke wutar, in ba hali a ture shi da busasshiyar sanda. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji ana neman abin hawa. Ko ya miƙe ya ce lafiya lau, in jan mai ƙarfi ne a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, don matsalar bugu tana iya bayyana daga baya.