Koyiloba a motar gudu: abin dubawa kafin saye da yadda ake saiti

Babban aikin ƙafafun mota shi ne su riƙe taya a manne da ƙasa, kuma da wannan ma'aunin nake auna kowace koyiloba, wato shakazobar da aka zura a cikin sifirin aka yi wa jikinta zare domin a ɗaga mota ko a sauke ta. Masu saye da yawa sun fi damuwa da tauri da kuma yadda motar za ta kwanta ƙasa, alhali motar da ta cika tauri tsalle take yi a kan ƙananan gargada, taya kuwa ba ta da riƙo muddin tana sama.

Yawancin kamfanoni suna rubuta ƙarfin sifirin da kilo a kan milimita, ma'ana mai lamba 8 yana buƙatar nauyin kilo 8 kafin ya matse da milimita ɗaya. Sai dai lambar ba ta da amfani sai an san inda sifirin yake zaune. A gaban Toyota 86 da Subaru BRZ tsarin MacPherson ne, inda shakazobar take haɗe kai tsaye da mazaunin taya, sifirin yana motsi kusan daidai da taya. Mazda MX-5 kuwa hannuwa biyu ke riƙe kowace ƙafar gaba, shakazobar tana zaune can ciki a kan hannun ƙasa. Idan sifirin yana motsa kashi 0.7 na motsin taya, sai a ninka 0.7 da kansa, a samu 0.49, wato kusan rabin ƙarfinsa ne kawai ke isa ga tayar. Saboda haka kwafar lambar wata mota zuwa wata kuskure ne.

A ganina, shakazobar ce ta cancanci mafi yawan kuɗin mai saye. Akwai mai bututu ɗaya, irin wadda Bilstein ta shahara da ita, wadda take saurin fitar da zafi, akwai kuma mai bututu biyu. Samfurin V3 na kamfanin KW na Jamus yana ba da damar saita matsewa daban, miƙewa daban, yayin da Road & Track na Öhlins, kamfanin Suwidin, yake da bawul da ke buɗewa idan taya ta bugi abu da sauri. Yawan ƙas-ƙas, wato matakan da ake ji idan ana juya maɓallin saiti, ba ya burge ni, domin akwai masu arha da za a juya sau biyar ba a ji wani bambanci ba, ta hagu kuma ba ta yi daidai da ta dama ba. Na fi son in ga takardar gwajin inji da ke nuna ƙarfin shakazobar, in kuma tabbatar ana iya buɗe ta a sauya mai da robobi idan ta gaji.

Wajen sauke mota ne aka fi yin ɓarna. Duk milimitar da aka rage ta hanyar sassauta mazaunin sifirin, daga tafiyar shakazoba aka cire ta, har ta kai motar tana hawa robar tsayawa, wadda ke tare shakazoba a ƙarshen tafiyarta, a kowace kwana. Nau'in da ake gajarta jikinsa daga ƙasa ya rage wannan matsala, amma bai hana taya gogar bodi ba. A tsarin MacPherson, idan hannun ƙasa ya fara karkata sama ta wajen taya, cibiyar da mota ke jirkita a kanta tana yin ƙasa fiye da yadda cibiyar nauyin motar ta sauka, sai ta ƙara son kwantawa a kwana, sitiyari kuma ya riƙa fizga a kan gargada.

Saiti yana da jeri. Ana ɗaure notocin bushin ne bayan nauyin mota ya sauka a kan tayoyi, a ɗan yi tafiya sifirin ya zauna, sannan a gyara tsayi. Daga nan sai sikeli huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kowace taya, da nauyin direba a kujerarsa, a nemi gaban hagu da bayan dama a haɗe su ɗauki kashi 50 cikin 100 na nauyin motar, domin ta yi hali ɗaya a kwanar hagu da ta dama. Alaimen yana biyo baya, tun da sauya tsayi yana sauya karkatar taya.

Maɓallin shakazoba shi ne na ƙarshe. Yawancin kamfanoni daga cikakken tauri suke ƙirga, don haka a rufe shi a hankali ba tare da tilastawa ba, a koma lambar da suka bayar, sannan a riƙa sauya na ƙafafun gaba kaɗai ko na baya kaɗai, ƙas biyu a lokaci guda, a kan hanya ɗaya, ana rubutawa. Idan ƙarfin hana miƙewa ya yi yawa, sifirin ba ya samun dawowa tsakanin gargada da gargada, motar sai ta yi ta nutsewa. Shakazoba tana aiki ne yayin da nauyi ke tafiya, wajen shiga kwana da fita. Idan gaban mota yana zamewa a tsakiyar doguwar kwana bayan ta riga ta zauna, sai a duba sifirin, da sandar hana jirkita, da karkatar taya, da iskar da ke cikinta.