Ranar awo, sati na 31

Da daɗina na tashi yau. Mutumin nan na ciki ya fara wasansa tun kafin gari ya waye, shuri a kan shuri, har sai da na jawo hannun Abban Ummi na ɗora masa a wurin. Ya ce lallai ɗan ƙwallo ne. Ummi kuwa ta kafe ƙanwa za a haifa mata, har ta ware mata 'yar tsana guda a cikin nata. Sati 31 cif. Waɗanda suka daɗe tare da ni a nan sun san abin da wannan lissafin yake nufi a wurina. Akwai lokacin da na cire rai zan sake kaiwa nan.

Kaina dai yana ɗan sara mini, yau kwana uku. Zobena ma ya ƙi shiga tun shekaranjiya. Na ce ba komai, tunda ranar awo ce sai in faɗa musu.

Asibiti kamar kullum. Kati, hawa sikeli, fitsari a 'yar roba, a koma benci a jira kira.

A gefena wata yarinya ce, ba na jin ta wuce sha takwas, cikin fari. Ta riƙe katinta da hannu biyu kamar wani zai ƙwace. Mun ɗan taɓa hira, ta tambaye ni wai da gaske ne ana jin bugun zuciyar jariri da na'ura. Na ce mata yanzu za ki ji da kunnenki, sai ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Ita aka fara kira. Labule ne kawai tsakaninmu da teburin, babu abin da ba ma ji. Sista ta tambaye ta ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, yarinya ta yi shiru, can ta ce ba ta riƙe ba. Sai muka ji: "Kin iya ɗaukar ciki, amma ƙirga kwana ya gagare ki?" Mata biyu ko uku a benci suka yi dariya. Da ta fito ba ta kalli kowa ba. Na ce mata sannu, ta gyaɗa kai ta wuce. Ban samu na tambaye ta ko ta ji bugun ba.

Sai aka kira ni.

Ta buɗe fayil ɗina tana karantawa da ƙarfi, yadda suke yi. "Ciki na huɗu, haihuwa ɗaya, ɓari biyu." Nan ne ta ɗago ta dube ni. "Ɓari biyu a jere? To Hajiya sai ki riƙe wannan da kyau, kar ki sake zubar mana da shi." Ta ɗan yi dariya, ta jawo abin awon jini.

Ba da faɗa ta faɗa ba. Fuskarta a sake take, ina jin a ganinta raha ta yi mini. Da tsawa ta yi mini ma da na san yadda zan yi da ita. Na ce, "To, Sista." Abin da ya fito daga bakina ke nan. Kunnuwana suka yi zafi, na tuna labulen nan, na tuna duk wadda ke kan benci yanzu ta san na yi ɓari biyu, abin da wasu 'yan'uwana na jini ma ba su sani ba.

Ta ɗaura mini abin a damtse. 138 a kan 88. Ta ce, "Ya ɗan hau, ki rage tunani." Ta rubuta. Ta ce, "Akwai wata matsala?" Na ce babu.

Babu na ce. Da ciwon kan kwana uku, da zoben da yake cikin jakata.

Aka kwantar da ni aka ɗora na'urar, bugu 144 a minti ɗaya, lafiya lau. Wannan ƙarar da take kamar sukuwar doki, kullum sai na yi ƙwalla idan na ji ta. Yau ji na yi kamar daga wani ɗaki take fitowa. Allah-Allah nake yi in sauka in fita.

Tun a mota kalmar nan take yi mini yawo a ka. Riƙe. Kamar a hannuna suke na sake su suka faɗi. Na biyun yana sati 11 ya tafi, kuma bayansa na yi watanni ina lissafin laifina dare da rana: bokitin da na ɗaga, matakalar da na hau da sauri, tafiyar da na yi bayan an ce in huta, fushin da na yi wata rana. Babu wanda na gaya wa, ni kaɗai nake zaman shari'ar kaina. Sai da wata likita ta zaunar da ni, ta jawo takarda ta zana mini, ta ce kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko daga ƙwayoyin halitta ne da ba su haɗu daidai ba tun ranar da cikin ya shiga, ko da a kwance mace ta wuni ba zai zauna ba. Ta ce a cikin kowane ciki bakwai da aka san da shi, kusan ɗaya haka yake ƙarewa. Ta maimaita mini sau biyu cewa ɗaga bokiti ba ya kawo wannan. Shekara guda na yi kafin zuciyata ta yarda da maganar likitar nan. Yau a cikin daƙiƙa biyar aka mayar da ni gaban bokitin.

Kuma abin ya tono mini na haihuwar Ummi, shekara shida ke nan. Awa goma sha huɗu na yi ina naƙuda. Zafin, wallahi, ya dusashe, idan na so tuna yadda yake sai in kasa. Amma muryar matar nan tana nan daram: "Ki rufe mana baki. Lokacin da kike jin daɗinki mu kika kira?" Ina iya faɗin launin agogon da ke bangon da nake kallo lokacin. Daga nan na cije leɓe ban ƙara ko tari ba, har aka yi mini ƙari ba wanda ya ce mini ga abin da za a yi, ƙarar almakashi kawai na ji. Da asuba aka canza masu aiki, wata dattijuwar ungozoma ta shigo, ta goge mini goshi da tafin hannunta ta ce, "Sannu 'yata, kin yi ƙoƙari, ga 'yarki can lafiya." Ita ma ban manta ta ba. Su biyun tare nake yawo da su, kuma duk ranar da zan shiga asibiti sai na yi addu'a Allah ya haɗa ni da irin ta biyun.

Barci ya ƙi zuwa da rana. Wanki yana nan yadda na bar shi.

Wajen la'asar na kira Yaya na zayyana mata. Da farko kare su ta shiga yi: "Haba, su ma fa mutane ne. Kin ga yawan matan da ke kan benci, ita kaɗai tun safe a tsaye." Na ce na gani, Yaya, kuma ina tausaya mata da gaske. Na san aikin ya fi ƙarfin hannayen da ke yin sa, na san akwai wadda take kwana ba ta runtsa ba, ta karɓi haihuwa a jere, wata ma a hannunta za a rasa rai ta wanke hannu ta koma kan ta gaba. Amma "sannu" ai ta fi abin da ta faɗa mini gajarta. Wanda ya gaji shiru yake yi. Wannan maganar sabo ce, an faɗe ta ga mata da yawa har ta daina yi wa mai faɗinta nauyi a baki.

Sai Yaya ta ce, "To me ta ce game da ciwon kan?"

Na yi shiru.

"Ba ki faɗa ba?" Muryarta ta canza gaba ɗaya. Kun san abin da Yaya ta sha a cikinta na ƙarshe, yadda hawan jini ya kusa kai ta ga jijjiga, sai da aka yi ta yi mata allurar magnesium aka ciro yaron kafin lokacinsa. Ta ce ciwon kan da ba ya sauka, da kumburin hannu, da jini yana taɓa 140 a kan 90 bayan sati 20, ba abin da ake kwana da shi ba ne. Ta ce, "Tashi yanzu ki koma, ko in zo in ɗauke ki da kaina." Abin da ya fi damuna shi ne na san duk wannan. Yana ma rubuce a jikin bangon wurin awon, da hotuna. Na sani, na shiga da niyyar faɗa, aka yi mini magana ɗaya bakina ya mutu. Tsoro nake ji kar in ce kaina yana ciwo a sake ce mini wani abu a gaban labulen nan.

Bayan haihuwar Ummi na daɗe ina zaton ni ce mai saurin jin haushi, har na ci karo da binciken nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019. A ƙasashe huɗu aka yi shi: Ghana, Gini, Myanmar da Najeriya. Masu binciken sun zauna a ɗakunan haihuwa sun kalli haihuwar mata 2,016 da idonsu, suka kuma bi wasu sama da 2,600 gida suka tambaye su. Fiye da ɗaya cikin uku sun gamu da wulaƙanci, kuma mafi yawansa na baki ne: tsawa, faɗa, ba'a. Ƙarin da aka yi wa mata, uku cikin huɗu ba a nemi yardarsu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da abin ya fi tsanani: daga minti 30 kafin jariri ya fito zuwa minti 15 bayan ya fito, daidai lokacin da mace ba ta da ƙarfin ɗaga kai balle ta rama. Kuma ƙananan 'yan mata da waɗanda ba su yi karatu mai nisa ba su suka fi shan sa. Yau da na tuna wannan, fuskar yarinyar benci na gani. Tun 2014 hukumar ta fitar da sanarwa cewa wannan take haƙƙin mace ne, ta kuma ce yana sa mata su guji asibiti. A da ina karanta wannan kamar labarin wasu. Ga ni yau a cikin asibitin, a gaban ma'aikaciya, amma na ɓoye ciwona.

Ba ma sai talaka ba. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tennis, a Amurka, kwana ɗaya bayan ta haihu a 2017, ta ce wa nas numfashinta yana sarƙewa, a yi mata hoton huhu don ta san tana da matsalar daskarewar jini. Nas ɗin ta ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka yi, aka kuwa ga gudajin jini a huhunta. Ita ta iya nacewa. Ni ko "kaina yana ciwo" ya gagare ni.

Abban Ummi ya dawo ya tarar ina sa takalmi. Da ya ji labari ransa ya ɓaci sosai, ya ce sai ya nemi matar nan ya ji dalili. Na ce masa, "Don Allah ka bari, ka kai ni tukuna."

Wani matashin likita muka samu a bakin aiki. 141 a kan 90. Ya duba ƙafafuna da hannuwana, ya tambayi tun yaushe kan yake ciwo, na ce kwana uku. Ya duba katin safe ya ce, "Amma Hajiya an rubuta nan ba ki da wani ƙorafi." Ban san lokacin da na gaya masa abin da aka ce mini ba, muryata tana rawa. Ya ajiye biro ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce, "Ki yi haƙuri." Bai ƙara komai a kai ba, ya ci gaba da rubutu. Ban sani ba ko zai yi wa wani maganar.

Fitsari babu furotin, wato alamar da suke dubawa ko hawan jinin ya fara yin illa, alhamdu lillahi. Sun ɗebi jini, suka sa na kwanta na huta, aka sake aunawa ya ɗan sauka. Ya ce in dawo gobe da ƙarfe takwas a sake awo a ga sakamakon. Idan na ga idona yana yin dishi-dishi, ko kan ya tsananta, ko na ji ciwo a saman ciki wajen haƙarƙarin dama, ko motsin yaron ya ragu, in taho ko da tsakar dare ne. Na tambaye shi yadda zan bambance wannan ciwon da shurin yaro, ya tsaya ya yi mini bayani, ya nuna mini wurin da yatsa. Tambayar da ba zan iya yi da safe ba ke nan.

Ummi ta yi barci kafin mu dawo, 'yar tsanar ƙanwarta a hannu.

Yanzu sha ɗaya ta wuce. Gobe da safe wataƙila ita zan sake tararwa a teburin nan. Na yagi takarda na rubuta abubuwa uku na sa a cikin katin, don ko bakina ya sake mutuwa in miƙa mata: ciwon kai, kumburin hannu, awon daren nan. A ƙasa na fara rubuta na huɗu, "Sista, maganar da kika yi mini jiya ta yi mini ciwo," na soke, na sake rubutawa. Tana nan dai yanzu, ban sani ba ko za ta kai safiya.

Yarinyar nan nake ta tunani. Ita ma an tambaye ta ko akwai matsala, na ji da kunnena. Ita ma babu ta ce.