Kwana uku a kan yashi

Duk dogon hutu sai a kai mu wurin kawuna, a wani ƙaramin gari na bakin teku. Tun kafin ido ya ga ruwa, ƙamshin gishiri ke fara tarbar mutum. Ina ɗan shekara 11 ya ba ni wani tsohon allon hawan igiyar ruwa da ya fi ni tsayi nesa ba kusa ba. Ya goga masa kaki don kada ƙafa ta zame, ya nuna mini yadda ake ɗaura igiyarsa a idon sawu. Sannan ya hana ni shiga ruwa har kwana uku.

Zama muka yi ta yi a kan yashi, ni kuwa ina cika ina batsewa. “Ƙirga igiyoyin ruwan, ɗana,” abin da yake ce mini ke nan. Da ƙirgar na gane cewa rukuni-rukuni suke zuwa: manya su biyo juna, sai teku ta lafa, sai wasu su taso. Ya ce iskar da ta haife su tana can nesa, wani lokaci dubban kilomita, kuma ba sa karyewa sai sun iso inda zurfin ruwa ya kusa daidai da tsayinsu. Cikar teku ma kullum tana jinkiri da kusan minti 50 saboda tafiyar wata, don haka wurin da ya yi daɗin hawa yau da hantsi, jibi sai ka tarar ya canza.

Tun gasar Tokyo da aka yi a 2021 wasan hawan igiyar ruwa ya shiga Olamfik, kuma idan na ga ana maimaita 'yan daƙiƙun da gwani ya miƙe a kan allo sai in yi murmushi. Yawancin lokacin mai hawa a jira da tuƙi da hannu yake ƙarewa.

Rana guda na raina gargaɗinsa. Na hango wani wuri lif, ruwan ya ɗan yi duhu, babu kumfa, na faɗa. Ashe nan ne hanyar da ruwa ke komawa teku da ƙarfi. Ina ta kokawar komawa gaɓa, gaɓar tana ƙara nisa, hannuwana suka mutu. Can na jiyo muryarsa: “Bar faɗa da shi! Bi gefe!” Na yi iyo a kaikaice, ban yi nisa ba na fita daga jansa.

Shekarata ta farko a wurin aiki, duk abin da aka miƙo karɓa nake, don a ce yaron yana da himma. Wani rahoto ya maƙale mini mako biyu. Ina ƙara sa'o'i, ina kwana a kansa, yana ƙara dagulewa. Wani dare ina kallon takardun, sai na ji hannuwana sun yi irin mutuwar nan. Washegari na ajiye girman kai, na je wurin wata babbar ma'aikaciya na ce, “Hajiya, don Allah ki duba mini.” Minti 20 ta yi ta nuna mini cewa tun daga tambayar farko na kauce.

Kawu ya tsufa yanzu, gwiwa ta hana shi shiga ruwa. Zuwana na ƙarshe na same shi a kan yashi, leɓɓansa suna motsi. Na zauna kusa da shi, na tambaye shi ta nawa ke nan.