Daren da tsarin maido da wuta ya jefa layi biyu cikin duhu

Har yau idan na tuna daren nan sai raina ya sosu, domin lambar da ta jawo ɓarnar da hannuna na shigar da ita.

An ɗora mini saita tsarin da ke maido da wuta da kansa a kan layuka biyu masu kilobolt 11, kowanne daga tasharsa. Aikin rikuloza, wato makunnin da ke yanke wuta ya mayar da kansa, sananne ne. Mafi yawan matsalar layin sama ba ta daɗewa, reshe ne ya taɓa waya, ko tsuntsu, ko tsawa; sai ta yanke wuta, ta ɗan jira tartsatsin ya mutu, ta mayar. Mun saita ta ta yanke sau 4 kafin ta kulle ta daina mayarwa, makunnin tsakiyar layi kuma ya ƙirga 3 ya buɗe a daidai lokacin da waya ba wuta. Wannan duk ya tafi lafiya.

Inda na faɗi shi ne makunnin haɗa layukan biyu, wanda kullum a buɗe yake zama. Idan matsala ta zauna daram a farkon layi, rikuloza ta kulle, tsarin zai ware ɓangaren da ya lalace, sannan ya rufe makunnin haɗin domin mutanen ƙarshen layi su samu wuta daga layin maƙwabta. Kafin ya rufe sai ya tabbata maƙwabcin zai iya ɗaukar ƙarin kaya. Maimakon in sa ya riƙa karanta lodin da ke kan layukan a lokacin, sai na ba shi tsayayyar lamba daga awon da muka yi a watannin sanyi, da rana ma kuwa. Sadarwar ɗaya daga cikin mitocin tana yawan katsewa, na ga kamar wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Na ce zan gyara daga baya, ban koma ba.

Matsalar ta zo da almuru, a tsakiyar zafi, lokacin da kowane gida ya kunna abin da yake da shi. Waya ta tsinke a farkon layin farko. Tsarin ya yi duk abin da na koya masa, bai kai minti ɗaya ba ya ware wurin ya rufe makunnin haɗin. Layin maƙwabta kuwa dama a cike yake. Ga kuma injinan firij da na sanyaya ɗaki da na famfon ruwa sun tashi a tare, kuma injin da ke juyawa da lantarki yana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba ja a lokacin tashi. Rile na tasha ta biyu, wato na'urar da ke sa ido kan yawan wutar da layi ke ja, ya ga wuta ta wuce ƙima, ya buɗe bireka, babban makunnin layin. Mutanen da babu ruwansu da tsinkewar wayar su ma suka shiga duhu.

Ma'aikacin ɗakin kula, dattijo ne da ya girme ni a aikin, ya kira ni ya ce, "Injiniya, zo ka ga aikin na'urarka." Bai ƙara komai ba, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce faɗa ya yi.

Abin bai tsaya nan ba. Sai da muka haura awa ɗaya kafin mu gane kan lamarin, muka buɗe makunnin haɗin, muka rufe bireka, ya sake buɗewa. Idan wuta ta daɗe ba ta nan, duk firij sanyinsa ya tafi, duk tankin ruwa ya sauka, don haka na'urorin da a da suke kamawa bi da bi yanzu gaba ɗaya suke jira. Dattijon ne ya ce mu raba layin, mu riƙa ba shi wuta ɓangare-ɓangare, muna barin kowanne ya lafa. Da haka muka fita.

Yanzu ba na yarda tsarin ya rufe makunnin haɗi sai da awon lodin da aka ɗauka dab da faruwar matsalar, a layukan biyu, tare da rarar da za ta ɗauki tashin injina. Idan sadarwa ta katse, na saita shi ya tsaya cak ya jira mutum. Gara ɓangare ɗaya ya ɗan zauna a duhu. Na kuma sa ya iya ɗaukar rabin ƙarshen layin kawai idan maƙwabcin ba zai iya da duka ba. Kafin kowane lokacin zafi ina zama in gwada tsinkewar waya a kwamfuta da lodin almuru, kuma lambar nan ta watannin sanyi ita na fara gogewa washegarin daren.