Garantin taga mai gilashi biyu: abin da aikin gini ya koya mana a Maraɗi

Mai gina gidansa da kansa, idan ya yi odar tagogi masu gilashi biyu kai tsaye daga Turkiyya ko Dubai, ko ya ɗauko su daga Kano ta Jibiya da Ɗan Issa, da ya ga shekara 10 a takardar garanti sai hankalinsa ya kwanta. Galibi shekara goman nan ta abu ɗaya ce: liƙin da ya rufe tsakanin gilasan biyu. In ya buɗe, raɓa ta taru a ciki inda tsumma ba ya kaiwa, wannan laifin masana'anta ne. Makulli, hannu, tayoyi da robar gefe, nasu wa'adin gajere ne, sau da yawa shekara 1 ko 2. Fashewar gilashi kuwa ba safai take shiga ba.

Wa'adin yakan fara ne daga ranar da aka rubuta rasit, kuma gininmu a hankali yake tafiya, sai kuɗi sun samu. Taga ta yi damina biyu a jingine, garantin makullinta ya ƙare tun ba a taɓa murɗa shi ba. Shi ya sa oda take jiran a gama yaɓe, a auna kowace kafa a wuri uku.

Babban rami yana wajen sakawa. Wanda ya saya ta hannun kamfanin da ke sakawa, mutum ɗaya zai kama. Wanda ya sayo da kansa ya ba magini, duk abin da ya lalace za a ce laifin mai sakawa ne. Kuma sau da yawa gaskiya ce. Alminiyom mai tsawon mita 2 yana miƙewa kusan milimita 2 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, abin da bangon yamma ke gani tsakanin asubar hunturu da ranar Afrilu. Dole a bar tazarar milimita 5 zuwa 10 a kewaye, a cike da kumfa da silikon. Magini ya danna siminti ya cike ta tam, firam ya lanƙwashe, taga ta ƙi rufuwa, ɗanyen simintin ma ya ci fuskar alminiyom ɗin. Ƙananan ramukan da ke ƙasan firam na fitar ruwa ne. Mai yaɓe ya toshe su don ƙura, ruwan Agusta ya kwanta ƙarƙashin gilashi har ya kashe liƙin.

Akwai kuma baƙar ledar da ake mannawa don rage rana. Tana tara zafi a gilashi har ya tsage, kuma kamfanoni da yawa sun rubuta ƙarara cewa tana soke garanti.

Ko an amsa laifi, abin da ake bayarwa sabon gilashi ne a ƙofar masana'anta. Jigila, duwan da ladan mai sakawa suna wuyan mai gida, wani lokaci su fi gilashin tsada. A tambayi wannan a rubuce kafin biya, a nemi a haɗo da makullai da tayoyi na ajiya a cikin odar.

Ranar da kaya suka iso a buɗe su gaban direba, a ɗauki hoton kowace taga da lambar da ke jikinta, a jingine su tsaye a inuwa bisa katako. A sake ɗaukar hoton tazarar kafin silikon ya rufe ta, don ita za a fara tambaya.