Abin da tsibirin Volta ya koya mini

Ni mai haɗa wutar sola ne, a unguwar Aboabo nake a Kumasi, ƙasar Ghana. Bara maigidana ya tura ni wani ƙaramin tsibiri a tafkin Volta in sa wa ɗakin shan magani faranti da batir. Daga Kumasi na bi ta Ejura da Atebubu har Yeji, inda hanyar mota ta ƙare, sauran tafiya sai kwale-kwale mai inji.

Na tafi da zaton duhu ne babbar damuwarsu. Dama abin na ci mini rai: madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ita ta haifi tafkin nan, ta tashi mutane wajen dubu 80 daga gidajensu, wutarta muke sha a birni, su kuma suna kwana da aci-bal-bal.

Ranar da firij ɗin ɗakin shan maganin ya fara aiki, jami'ar jinyar ta yi murna, don allurar rigakafin yara ba za ta ƙara lalacewa ba. Sai wata dattijuwa mai bandar kifi ta kama hannuna. Ta ɗan iya Hausa saboda cin kasuwar Yeji. Ta ce, "Ɗana, Allah ya yi albarka. Amma in naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, wutar nan za ta haye da mace?"

Na ce, "Iya, ba za ta haye ba."

Daga nan idona ya buɗe. Komai na tsibirin a kan jirgi yake rataye: gishiri, magani, malamin makarantar da aka turo bai daɗe ba ya nemi canji, har kuɗin kifin da in bai isa kasuwa ba ya zama asara. In man inji ya yanke, gari ya tsaya. Ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun wancan zamani, suna nan a ƙasa suna fasa jirage, shi ya sa matuƙi mai hankali ba ya son tafiyar dare. Yara kuwa, tafkin ne wankansu, shi ne shansu, tsargiya ta zama ruwan dare.

Yanzu duk inda aka aike ni, kafin in auna rufi sai na zauna da mutanen wurin, musamman mata, in tambaye su abin da ke hana su barci. A takardar da na kai wa maigida na rubuta rigunan ceto da jirgin ɗaukar marasa lafiya, ko da yake ba sana'armu ba ce. Ya ce zai miƙa wa masu ba da kuɗin aikin. Duk wata ina tuna masa.