A ƙarshe dai rimi ne

Jama'a, akwai wata bishiya mai saiwoyi kamar katanga da neman gane ta ya hana ni sakat tun damina, yau na rubuta sunanta a littafina da biro, ba da fensir ba. Rimi ne, Ceiba pentandra, babu tantama. Ku bar ni in yi murnata.

Tana cikin wani kurmi a gindin duwatsun Kagoro, kudancin Kaduna. Saiwoyinta sun taso daga ƙasa sun fi ni tsayi, in ka shiga tsakanin biyu ba mai ganinka. Gangar jikin ta miƙe sumul, babu reshe sai can ƙololuwa, kuma tsirrai masu hawa sun lulluɓe saman ruf. Madubin hangen nesa da na ƙuntata wa kaina na saya saboda ita bai tsinana komai ba, ganyen wasu kawai yake nuna mini. Kuɗin nan har yanzu ina jin zafinsa, ga na acaɓa, ga sallamar Baban da ke shiga da ni dajin.

Loko da dangin su ɓaure da gamji tun farko na fitar da su, don su farin ruwa kamar nono suke fitarwa in an karce su, ni kuwa na ɗan karce ɓawon ban ga komai ba. Saura uku: rimi, gurjiyar kurmi (Bombax buonopozense), da afara ta masu katako (Terminalia superba). Afara ma ba ta daɗe ba. Ganyenta guda-guda ne, 'ya'yanta masu fukafukai biyu irin na dangin baushe, kuma ban tsinci ko ɗaya a gindin ba. Rimi da gurjiya ne suka riƙe mini wuya.

Za ku ce ai rimi ba ya ɓuya, wanda ya san Zariya ya san rimi. To, na gari daban, na kurmi daban. Wanda muka saba gani a gari sau da yawa ƙayarsa kaɗan ce ko babu, saiwarsa ma ba ta cika tasowa sosai ba. Na kurmi yana iya kai mita 60, ya shimfiɗa katangu ta ko'ina. Ita kuma gurjiyar kurmi tana da ƙaya, tana da saiwa mai tasowa, ganyenta mai yatsu kamar nasa, tana zubar da ganye da rani, kwasfarta ma auduga ce a ciki. Ƙayar da nake fata ta raba gardama kuwa, tsohuwar bishiya kan zubar da ta ƙasa. Abin haushin, akwai gurjiya tsaye kusa da ita, don haka ganyen da ke ƙasa a cakuɗe yake. Na ƙirga yatsun ganye har na gaji: biyar, bakwai, tara, duka biyun suna yin haka. Manhajar waya ta ba ni suna daban-daban a kan hoto ɗaya, na goge ta.

Baba ne ya ce, "Yaro, bar wahalar da wuyanka. Ka dawo in hunturu ya kama, ka dubi ƙasa." Na dawo. Gindin gurjiyar ya yi ja wur da manyan furanni masu kauri, kowanne ya kusa cika tafin hannu. Gindin tawa kuwa ƙananan furanni ne, farare masu ɗan ratsin ruwan ƙwai, da gashi-gashi a bayansu, sun zuba a lungunan saiwoyin inda iska ba ta kwashe su. Ja ko ɗaya babu. Muka tsaya har magariba, sai ga jemagu sun cika saman. Furen rimi da dare yake buɗewa, jemagu ne ke yi masa barbara, gurjiya kuwa tsuntsaye ne ke rububinta da rana. Da na san abin da nake nema, sai na ga kore-koren da ke jikin ɓawon a saman saiwoyin, irin na ƙaramin rimi. Kuma da na sake duba gurjiyar, saiwoyinta gajeru ne, ba su kai rabin waɗannan ba.

Wani abu da na lura: katangun sun fi tsayi ta ɓangaren tudu, kishiyar inda bishiyar ta karkata. Ja suke yi, ba tokara ba. Abincin ƙasar kurmi a sama-sama yake, saiwa ba ta nutsewa da nisa, shi ya sa sai an yi faɗi kafin a tsaya. Duk da haka ba su hana faɗuwa, kun ga shahararren rimin Freetown, babban birnin Saliyo, da guguwa ta kayar a watan Mayun 2023.

Yanzu sai wata bishiyar da ke bakin rafi, mai tsaye a kan saiwoyi kamar ƙafafu. Zargina Uapaca ce, wani jinsin bishiya mai irin waɗannan saiwoyi, amma gaɓar ta zaizaye sosai, kuma ruwa kan tone gindin kowace bishiya ya bar ta haka. Zan duba ko saiwoyin daga jikin kututturen suka fito, sama da tsohon layin ƙasa. Baba ya ce sai ruwa ya ƙara ja baya za a iya tsallakawa, kuma ya ce sallamarsa ta ƙaru.